Kwarkwaron saƙar leshi: Me ya sa na kowane yanki ya fita daban?

A 'yan shekarun nan bidiyon matan Turai masu saƙar leshi da hannu ya yi ta yawo a wayoyin mutane. Za ka ga dattijuwa zaune da matashi a gabanta, an kafe shi da fil kamar bayan bushiya, ga 'yan sanduna birjik suna reto a jikin zare, ita kuma tana watsa su dama da hagu da saurin da ido ba ya iya bi. Tambayar da ta fara zuwa wa mai kallo a nan ita ce: ashe dama haka ake yin leshin da ake saya a Kantin Kwari? Wanda ya ƙara kallo kuma sai ya lura sandunan ba iri ɗaya ba ne. Na wata suna da zoben duwatsun ado a gindi, na wata masu tsini ne kamar fensir, na wata kuma da ƙwallo a ƙasa kamar gulda. Bambancin nan ba kwalliya ce kawai ba, akwai dalilin aiki a bayansa.

## Leshi biyu, suna ɗaya

Leshin da amarya ke sa wa a lefe, wanda ake yankowa yadi biyar, ba saƙar hannu ba ce. Surfani ne na inji. Akwai yadi tun farko, inji ya bi shi da zare ya yi masa zane, sannan a huda ko a yanke wuraren da ake so su zama tagogi. Injin da ya buɗe wannan hanya wani ɗan Suwizalan ne, Isaak Gröbli, ya ƙera shi a 1863. Garin St. Gallen na Suwizalan da garin Lustenau na Ostiriya suka shahara da sana'ar, kuma tun shekarun 1960 masana'antun Lustenau ke yi wa kasuwar Najeriya kaya na musamman. Yau Sin da Koriya sun shigo kasuwar da ƙarfi.

Leshin hannu kuwa ba shi da yadi a ƙarƙashinsa. Daga zare tsura ake gina shi, da shi da tagoginsa gaba ɗaya. Hanyoyinsa manya biyu ne: na allura, da na waɗannan 'yan sanduna. Sunan da ya fi dacewa da sandar a Hausa shi ne kwarkwaro, domin aikinta na farko daidai yake da na kwarkwaron da masaƙi ke sakawa cikin ƙoshiya, ko wanda tela ke sakawa a ƙarƙashin keke: a naɗa masa zare, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Sai dai na leshi ba ya shiga cikin komai. A fili yake, hannu ne ke ɗaukarsa.

## Abin da kwarkwaron ke yi

Tsawonsa yawanci bai wuce na ɗan yatsa da rabi ba, kimanin santimita 10. Yana da kai, inda ake yi wa zare ɗaurin zarge don kada ya kwance. Yana da wuya siriri, inda ake naɗa zaren. Sai jiki, wanda shi ne mariƙi, sannan gindi. Kusan duk bambancin yankuna a gindin nan yake.

Ayyukansa uku ne. Rumbun zare ne, mariƙi ne da ke hana yatsu taɓa farin zare su ɓata shi, kuma nauyi ne da ke riƙe zaren a miƙe. Biyu-biyu ake aiki da su, kuma duk ƙayatarwar da ake gani motsi biyu ne kacal ke haifar da ita: a ƙetara wannan zare kan wancan, ko a murɗa tagwaye. Duk wadda ta iya kitso ko tufkar igiya ta san asalin abin, don daga tufkar igiyoyin ado na riguna sana'ar ta samo tushe. Ana shimfiɗa takarda mai kauri da aka huhhuda da zane a kan matashi mai tauri, ana kafa fil a kowace huda don ya riƙe saƙar har ta zauna. Ɗan siririn bakin mayafi na iya cin kwarkwaro ashirin da 'yan kai. Babban aiki mai laushin zare yana cin ɗaruruwa.

Sana'ar ta bayyana a ƙarni na 16, kuma Italiya da yankin Flanders na Beljiyam ta yau kowanne na da'awar shi ne mafari. Wani littafin zane-zanen saƙar da aka buga a Zurich wajen 1561 ya ce fatake ne suka kawo ta can daga Venice a 1536. Daga nan ta bazu, kowane yanki ya ɗauke ta da irin zarensa, irin itacensa da irin zamansa.

## Matashi ne ke yanke hukunci

Kafin a dubi kwarkwaro, a dubi abin da yake kwance ko rataye a kai. Matasan saƙa sun kasu gida biyu.

Akwai mai siffar ganga, dogo, zagayayye, cike da ciyawa ko dusar katako. A kansa kwarkwaro ba ya kwanciya, rataye yake yi ta gefe. Mai saƙa tana ɗaukar tagwaye a kowane hannu, tafinta na kallon sama, tana juya su cikin hannu. Irin wannan aiki yana son kwarkwaro mai ɗan girma da santsi, wanda zai cika hannu, mai nauyin da zai ja zare ƙasa da kansa.

Akwai kuma shimfiɗaɗɗe ko mai ɗan tudu kamar faifan da aka kife. A nan kwarkwaro kwance suke, jere kamar haƙoran matsefi, tafin hannu na kallon ƙasa, yatsu ne ke tsince su ko gangara su. Matsalar da ke tasowa a nan ita ce birgima. Duk macen da ta taɓa kaɗi da mazari ta san zare murɗi ne ke riƙe shi. Idan kwarkwaro ya yi ta birgima ta gefe guda, ko dai murɗin ya kwance zaren ya tsinke, ko ya ƙaru zaren ya ƙudundune. Yadda kowane yanki ya bi da wannan matsala shi ya raba kamannin kayan aikinsu.

Abu na biyu shi ne kaurin zare. Zaren lilin, wanda ake samu daga ɓawon wata shuka kamar yadda ake samun igiya daga rama, a Flanders an kaɗa shi har ya kusa zama gashi. Kwarkwaro mai nauyi tsinka shi zai yi. Abu na uku kuma shi ne ko leshin a jere ake saƙa shi daga farko zuwa ƙarshe, ko kuwa gutsure-gutsure ake yi a haɗa daga baya.

## Ingila: ƙasa ɗaya, amsoshi uku

Babu inda bambancin ya fito fili kamar Ingila. A gundumomin Bedfordshire, Northamptonshire da arewacin Buckinghamshire, kwarkwaro siriri ne miƙaƙƙe, na itace ko na ƙashi, an huda gindinsa an zura waya mai ɗauke da duwatsun gilashi an lanƙwasa ta zobe. Sau da yawa babban dutse ɗaya ne a tsakiya, ƙanana masu kusurwa huɗu a kowane gefe. Wannan zobe shi ne tambarin yankin, kuma ba a san shi a sauran tsofaffin cibiyoyin saƙar Turai ba.

Masana kayan sana'ar sun rabu kan dalilinsa. Wasu sun ce nauyi ake nema, tunda sandar siririya ce. Wasu sun ce birki ne, domin zoben yana kwanciya a kan matashi ya hana birgima. Masu wannan ra'ayi na biyu suna danganta yaɗuwarsa da shigowar zaren auduga na inji a ƙarni na 19, wanda murɗinsa ya fi saurin rikicewa, suna kuma nuna tsofaffin kwarkwaro da alamu ke nuna daga baya aka huda su. Akwai masu ganin ado ne kawai ya bi jiki. Hujjar nauyi ita kaɗai tana da rauni, don kuwa ƙara kaurin gindi ya fi sauƙi da araha fiye da neman waya da gilashi, kuma haka sauran Turai suka yi. Hujjar birki ta fi tsayawa da ƙafarta, ko da yake ba ta kore cewa ado ya taimaka wa abin ya zauna ba.

Adon kuwa ya wuce misali. Masu sassaƙa irin su Jesse Compton da ɗansa James a Deanshanger, da William Brown na Cranfield, da iyalin Haskins na Bedford, sun mai da ɗan ƙashin saniya abin kallo. Ana zuba masa narkakken gaurayen kuza da dalma: in ɗigo-ɗigo ne a kira shi damisa, in mai fukafukai ne a kira shi malam-buɗe-littafi. Ana naɗe shi da wayar tagulla. Ana fafe cikinsa a buɗe masa tagogi a saka wani ɗan mitsitsin kwarkwaro a ciki, a kira shi uwa da ɗa. Sai kuma rubutu, wanda ake yi da ɗige-ɗigen huda a cika su da ja ko baƙin launi: sunan yaro da shekarar haihuwarsa, sunan mamaci, ayar addini, ko saƙon saurayi ga budurwa. Ga yarinyar da ke wuni a kan matashi tun tana 'yar shekara biyar ko shida a makarantun saƙa na ƙauye, wannan shi ne kayan toshi da zai zauna a gaban idonta kullum.

Har da na kisa akwai. Lokacin da ake rataye masu laifi a bainar jama'a, an riƙa sayar da kwarkwaro mai ɗauke da sunan wanda aka rataye. Akwai na Joseph Castle, wanda aka rataye a Bedford a 1860 saboda kashe matarsa, da na William Worsley a 1868, shekarar da Birtaniya ta daina rataya a fili. Yau waɗannan ne masu tara kayan tarihi suka fi rububi a kai, kuma saboda haka su aka fi yi wa jabu.

A kudancin Buckinghamshire, tafiyar yini ɗaya daga can, zoben bai samu shiga sosai ba. Nasu kwarkwaron kakkaura ne mai tumbi, ya fi kama da na ƙetaren teku. Wasu ana saka musu sakakkun zobban ƙarfe a jiki masu kaɗawa, don mai saƙa ta gane wanda ke ɗauke da kakkauran zaren da ke zagaye fure ba tare da ta duba ba.

Sai Devon, a kudu maso yamma, gidan leshin Honiton. A nan zobe ba zai yiwu ba sam, kuma dalilin a fili yake. Leshin Honiton fure-fure da ganye-ganye ake saƙa shi, sannan a haɗa. Wajen haɗin, ana sa ƙugiya siririya kamar kwarashi a jawo zaren kwarkwaro ɗaya ta cikin gefen da aka riga aka saƙa, ya yi hanci, sai a zura ɗan'uwansa gaba ɗaya ta cikin hancin a ja. Abin da zai ratsa ta hancin zare ɗaruruwan lokuta a yini dole ya zama sumul, mara nauyi, mai tsini. Shi ya sa nasu ya zama kamar tsinke. Adonsa ma ba ya tudu: ana tsaga zane a jikin itacen a cike da jan ko baƙin kakin hatimi, ya koma daidai da jiki. A ƙauyukan masunta irin su Beer da Branscombe, zanen jirgin ruwa ne da kifi da anga. A Beer ɗin aka saƙa leshin rigar auren Sarauniya Victoria, wadda ta yi aure a 1840.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne 'yan gudun hijirar addini daga Flanders da Faransa ne suka kawo sana'ar Ingila. Wasu kuma suna jingina ta ga Catherine ta Aragon, matar Sarki Henry na Takwas, lokacin zamanta a Ampthill. Masana tarihi da dama na ganin rubutattun hujjojin duka biyun ba su da ƙarfi, sun fi karkata ga cewa kasuwanci da kwaikwayo ne suka yaɗa ta, kamar kowace sana'a mai kawo kuɗi.

## Ƙetaren teku

A Beljiyam da arewacin Faransa, a garuruwa irin su Bruges, Binche, Mechelen da Valenciennes, ba a yaƙi birgima ba, an mai da ita hanyar aiki. Kwarkwaronsu gajere ne mara nauyi, da ɗan tumbi a gindi kamar kwalbar turare. Mai saƙa ba ta ɗaga shi sosai, tura shi take yi da yatsu ya tsallake ɗan'uwansa, in murɗin zare ya fara sauyawa ta gyara shi da ɗan juyi ba tare da ta tsaya ba. Masu wannan salo suna cewa zoben Ingila yana rage sauri kuma yana sarƙewa. Masu zobe suna mayar da martani cewa nasu yana zama inda aka ajiye shi, kuma da yake kowanne da kamanninsa, ɗan koyo yana iya bin sawun zare guda ya gano inda ya yi kuskure. Duka biyun gaskiya ne, kowanne a kan matashinsa.

A Tønder ta Denmak sandar siririya ce da ƙwallo a ƙasa, ana yi wa ƙwallon ɗamarar 'yan ƙananan duwatsu da suka lafe a jiki, ba sa reto.

Jamusawan tsaunukan Erzgebirge, yankin haƙar azurfa da kuza inda saƙa ta zama abin dogaro duk lokacin da ma'adinai suka ja baya, sun warware wata matsalar daban. Matashinsu ganga ne, kwarkwaro na cikin tafin hannu koyaushe, gumi na barazana ga farin zare. Sai suka yi masa riga: wani bututun itace da ake zurawa ya rufe naɗin zaren, hannu ya riƙe bututun. A garin Annaberg akwai mutum-mutumin Barbara Uthmann, 'yar kasuwar da ta rasu a 1575, wadda ake dangantawa da kafuwar sana'ar a yankin, ko da yake ana muhawara kan ko leshi ne ko igiyar ado ma'aikatanta suka fi yi.

A Sifaniya matashin dogo ne, gindinsa a cinya, kansa jingine da bango ko kujera. Kwarkwaron ba ado, itace ne mai tauri da aka goge, kuma ƙarar haɗuwarsu ce ke sanar da baƙo ya shigo layin masu saƙa a Camariñas ko Almagro. Malta ma haka, dogon matashin ciyawa da zaren siliki. A Vologda ta Rasha da Idrija ta Sloveniya kuwa, leshin kamar ɗan siririn tef ne da ke lanƙwasa yana zagaye har ya cika zane, don haka tagwaye kaɗan ake buƙata, kuma kwarkwaron ya samu damar yin girma. Makarantar saƙa ta Idrija tana aiki tun 1876, kuma a 2018 UNESCO ta sa saƙar Sloveniya cikin jerin al'adun gado na duniya.

Jiragen Fotugal sun kai sana'ar nesa. A Fotugal ana kiran kwarkwaron bilro, kuma a kudancin Sri Lanka, wajen Galle, har yau sunan saƙar beeralu, daga waccan kalma. A Brazil, a jihar Ceará, da kuma tsibirin da garin Florianópolis yake, inda mutanen tsibiran Azores suka sauka a tsakiyar ƙarni na 18, an yi amfani da abin da ke akwai: a samu tsinken itace a soka masa ƙwallon wani nau'in giginya ko kwakwa a gindi. A arewa maso gabashin ƙasar, inda fil ya yi tsada, ƙayar wani murtsunguwa da suke kira mandacaru ta maye gurbinsa.

## Inji, doka da kasuwar yau

John Heathcoat ya yi rajistar injin saƙa ragar leshi a 1809, John Levers ya inganta shi a Nottingham a 1813. Bayan masu adawa da inji sun farfasa masana'antar Heathcoat a Loughborough a 1816, sai ya koma Tiverton, a cikin Devon, gundumar Honiton kanta. Kafin tsakiyar ƙarnin inji ya iya kwaikwayon zane, farashi ya faɗi. Dokokin tilasta karatun boko na 1870 da 1880 suka kwashe yara daga makarantun saƙa. Sana'ar ta tashi daga abin ci da iyali ta koma abin sha'awa, ta sake farfaɗowa a shekarun 1970 a hannun ƙungiyoyi da azuzuwan yamma.

Farfaɗowar ta rikita iyakokin da. Matashin soso mai tauri ya maye gurbin na ciyawa, ana sayen kaya ta intanet, mai saƙa a Amurka ko Japan tana iya yin zanen Beljiyam da kwarkwaron Ingila. An ma fito da mai gindi kusurwa huɗu, wanda ba ya birgima kuma ba ya buƙatar zobe. Saboda haka sunan yanki a jikin sabon kwarkwaro yau siffa yake nufi, ba wurin da aka yi shi ba. Iyakar da ta ƙi gogewa ita ce ta haɗi: mai aikin gutsure-gutsure har yanzu sumul take nema.

Ga mai sayen leshi a kasuwanninmu, abin da wannan ke nufi mai sauƙi ne. A leshin hannu mai laushin zare, awa guda na iya ƙarewa ba a saƙa abin da ya wuce faɗin kan sarki ba. Shi ya sa yake zuwa a matsayin bakin hankici, wuyan riga ko ɗan mayafi. Duk wanda ya ce yadi biyar ɗin da ke hannunsa saƙar hannu ce, ko dai yankan tagogin yake nufi, wanda a wasu nau'o'in da hannu ake yi bayan inji ya gama surfani, ko kuwa ciniki yake gyarawa.

Ga masu saye da sayar da tsofaffin kwarkwaro kuma, akwai sabuwar doka. Tun 6 ga Yunin 2022 Birtaniya ta haramta cinikin hauren giwa, da tarar da ka iya kaiwa fam 250,000 ko ɗaurin shekara biyar, kuma a Janairun 2025 aka faɗaɗa haramcin ya haɗa da haƙorin dorina da na wasu manyan dabbobin teku. Dokar ba ta hana mallaka, gado ko kyauta ba, ciniki ta hana. Sassaucin da ta yi wa tsofaffin kaya masu ɗauke da haure ƙasa da kashi 10 cikin ɗari ba zai ceci kwarkwaron da aka sassaƙa da haure zalla ba. Ruɗanin ya taso ne saboda shekara da shekaru 'yan kasuwa na kiran duk wani farin kwarkwaro na haure don ya yi daraja, alhali mafi yawansu ƙashin saniya ne, wanda talakan ƙauye ke iya saya. Yanzu lissafin ya juya, kowa na son tabbatar da cewa nasa ƙashi ne. Ana rarrabe su da gilashin ƙara girma: ƙashi yana da 'yan baƙaƙen ɗigo da gajerun tsage, sawun hanyoyin jini, shi kuwa hauren giwa sumul yake, kuma a inda aka yanke shi ana ganin layuka masu ƙetare juna kamar saƙar raga.